Miji Ta Zaure, Mata Ta Cikin Gida

Zariya gari ne da ya saba da baƙi, har ya yanka musu unguwanni nasu. Sa'ad da hanyar jirgin ƙasa ta iso, wajen 1911, aka kafa Sabon Gari domin ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwa mutanen Kudu. Tudun Wada ta zama masaukin baƙi 'yan Arewa waɗanda ba su shiga birni ba. Can kuma bisa hanyar Funtuwa aka buɗe gonar gwaji ta Samaru, daga baya aka yi kwaleji, sa'an nan cikin 1962 aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello. Baƙin da suka sauka a waɗannan wurare, suka koma garinsu suka rubuta labarinmu, suna da yawa. Tun ma kafin a yi unguwannin nan Clapperton ya ratsa Zariya cikin 1826, Baikie ya zo cikin 1862, Staudinger mutumin Jamus kuma cikin 1885. Dukansu maza ne, ba kuwa wanda ya zo da iyalinsa.

Waɗanda na ke so mu duba aikinsu yau miji da mata ne. Mijin sunansa M. G. Smith, mutumin tsibirin Jamaika, an haife shi cikin 1921. Ya yi soja cikin rundunar Kanada lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, bayan yaƙi ya yi karatun al'adu da zaman jama'a a Landan, wurin wani shaihun malami wai shi Daryll Forde. Matar kuwa sunanta Mary. Cikin 1949 Gwamnatin Ingila ta biya musu kuɗin tafiya suka zo ƙasar Zazzau, zamanin Sarki Ja'afaru, suka zauna har ƙarshen 1950. Ba su tsaya bariki kaɗai ba. Sun bi ƙauyuka da garuruwan hakimai, sun koyi Hausa, sun zauna da mutane. Ɗaya daga cikin garuruwan nan ita ce Giwa, wadda in ka tashi daga Sabon Gari ka wuce Samaru da Shika za ka tarad da ita, wajen mil 20 daga Zariya.

Tafiyar nan guda ta haifi littattafai uku, duka da Turanci. Na matar ya fara fitowa cikin 1954, sunansa Baba of Karo, watau labarin wata tsohuwa Baba mutuniyar Karo. Mijin ya fitar da ɗaya cikin 1955 a kan noma da sana'a da cinikin talakawan Zazzau, sa'an nan cikin 1960 ya fitar da babban, Government in Zazzau, a kan sarautar ƙasar daga 1800 zuwa 1950.

To, kafin mu buɗe su, akwai tambayar da ya kamata mai karatu ya riƙa yi wa kowane littafin matafiyi: wa ya saukar da shi? Duk wanda ya taɓa fatauci, ko ya bi hanyar Makka ta ƙasa, ya san matsayin mai masauki. Shi ne idon baƙo, shi ne kunnensa. Inda ya kai ka nan za ka gani, wanda ya haɗa ka da shi shi za ka ji. Da ɗan gari a kan ci gari, gaskiya ne, amma ɗan garin nan yana da nasa abokai, yana da nasa abokan gaba, yana kuma da abin da ba ya so baƙo ya sani. Littattafan nan uku sun bambanta ƙwarai, asalin bambancin kuwa shi ne masu masaukin mijin dabam, na matar dabam, ko da ya ke tare suka zo, tare suka koma.

Shi mijin namiji ne baligi, kuma baƙo. A ƙasar da a ke kulle, iyakarsa zaure. Waɗanda suka karɓe shi su ne hakimai da dagatai da malamai da fadawa da magidanta, abin da ke bakin waɗannan kuwa shi ya cika littattafansa.

Na 1955 littafin awo ne da lissafi. Ya auna gonaki, ya tambayi magidanta dami nawa suka samu, nawa suka sayar, nawa suka kashe wajen tufafi da biki da gaisuwa, ya bayyana yadda gandu ya ke tafiya tsakanin uba da 'ya'yansa, ko wa da ƙannensa. Aiki ne mai wuya, kuma yau in mutum yana son sanin yadda masaƙi ko marini ko maƙeri na ƙauyen Zazzau ya ke ci da iyalinsa a wancan zamani, da wuya ya sami inda ya fi nan. Sai dai ni ina karanta alƙaluman nan da hattara. Duk wanda ya san yadda a ke kimanta haraji a lokacin En'e ya san abin da talaka ya kan yi in baƙo mai takarda da alƙalami ya zauna zaurensa, balle baƙon da dogarin hakimi ya rako. Rumbu uku ya kan koma biyu, akuyar da ke bayan gida ta zama ta maƙwabci. Ba na ce Smith bai yi hattara ba. Amma baƙo ba shi da hanyar leƙa rumbu, ba shi kuma da hanyar sanin abin da matan gida suka tara ta wajen kaɗi da ƙuli-ƙuli da fura, wanda sau da yawa maigidan kansa bai san iyakarsa ba.

Littafin sarauta ya fi wannan nauyi. Ya jera mulki iri uku ya gwada su. Na farko mulkin Haɓe, wanda ya ɗauko siffarsa daga Abuja, garin da yanzu a ke kira Suleja, inda zuriyar sarakunan Zazzau na dā suka kafu bayan an kori Makau lokacin jihadi. A nan ya dogara ƙwarai ga tarihin Abuja da Malam Hassan Sarkin Ruwa da Malam Shu'aibu suka rubuta. Na biyu mulkin Fulani, na uku na zamanin Turawa. Inda ya fi ƙwarewa shi ne bayanin gidajen sarauta huɗu, Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa, da yadda sarauta ta riƙa yawo tsakaninsu, Sakkwato na naɗawa tana tuɓewa. Sarki Abdullahi sau biyu a ke tuɓe shi. Ya nuna yadda sabon sarki kan sauke hakiman wanda ya gada ya naɗa 'ya'yansa da barorinsa, domin ya san in sarauta ta bar gidansu haka za a yi wa nasa. Bazazzage ya san wannan a guntu-guntu, daga bakin kakanni da maroƙa. Smith ya tattara shi wuri guda, sarauta bayan sarauta, mutum bayan mutum, har ka ga ƙirar abin gaba ɗaya. Wannan kam ya cancanci yabo.

Aibin littafin yana wajen ƙarshe. Da ya gama ba da labari sai ya ce zai fitar da dokoki waɗanda a ganinsa kowane mulki ke bi in zai sāke, kamar yadda malamin lissafi ke fitar da ƙa'ida. Turancin wurin ya yi tauri har wanda ya gama sakandare sai ya yi gumi, mutanen da muka saba da su a farkon littafin kuma, su Malam Musa da Yamusa da Kwasau, suka ɓace, sai kalmomi. Mai karatu na iya tsallake wannan kashi bai yi hasarar kome ba daga labarin Zazzau.

Akwai suka mafi girma, wadda ta fito daga Samaru. Cikin shekarun 1970 marigayi Yusufu Bala Usman, malamin tarihi a Jami'ar Ahmadu Bello, ya rubuta maƙala yana sukar Smith da waɗansu irinsa a kan sun mai da tarihin ƙasar nan kokawa tsakanin kabila biyu, Haɓe da Fulani, alhali kuwa abin da ya haɗa mutane ko ya raba su ya haɗa da gari da sana'a da malanta da dukiya da auratayya. Ina ganin ya yi gaskiya, kuma ana iya gane inda abin ya samo asali. Mutumin da masu masaukinsa 'yan sarauta ne, kullum zancen da zai ji shi ne wane jikan wane ne, wane gida ne ya fi wane cancanta. Ya tambayi fada, fada ta ba shi amsa irin tata.

Yanzu mu bar zaure mu shiga cikin gida.

A Giwa Mary ta sadu da Baba, tsohuwa wadda ba ta karatu ba ta rubutu, suka shaƙu. Tsakanin Nuwamba 1949 da Janairu 1950, wajen mako shida, Baba tana zuwa kullum tana ba da labarin rayuwarta, Mary na rubutawa da hannu, da Hausa, yadda ya fito daga bakinta. Daga baya ta juya shi Turanci, mijin ya yi masa gabatarwa da bayanai. Baba ta rasu cikin 1951, ba ta ga littafin ba. Allah ya jiƙanta.

An haifi Baba kafin zuwan Turawa, a Karo kusa da Zarewa, kan iyakar Kano da Zazzau. Kakanninta Barebari ne, manoma kuma malamai, masu rinji da bayi. Ta yi aure huɗu. Na fari auren zumunta ne da ɗan'uwanta Duma, ta yi shi domin ta bi maganar iyaye, alhali ta riga ta yi wa Malam Maigari alkawari. Da auren ya mutu ta cika alkawarin, suka daɗe tare. Sa'an nan Malam Hasan, manomi kuma mai tsaron gidan yari, wanda ta zauna da shi har ya rasu. Na ƙarshe auren takalmi ne, watau tana gidanta miji na zuwa. Ba ta taɓa haihuwa ba, amma ta yi riƙon 'ya'ya, ta aurar, ta yi jikoki ta wannan hanya.

In an faɗe shi haka a taƙaice sai ka ce ba kome, labarin kowace tsohuwa ne. Daɗin littafin yana cikin yadda ta ke ba da shi. Ba ta yi wa kowa wa'azi, ba ta neman a tausaya mata. In ta zo kan biki sai ta faɗi abin da dangin miji suka kawo, da wanda ya karɓa, da yadda aka raba, da waƙar da 'yan mata suka yi. In ta zo kan mutuwar aure sai ta faɗi wanda ya yi biko da wanda ya je gaban alƙali, ba ta ɓoye inda mace ce ta gaji ta nemi hanyar fita. Tana zancen kishiyoyi, na kirki da na banza, da ƙawaye da yadda a ke ƙulla ƙawance da kyauta da ramuwa har tsufa. Tana zancen bori da karuwai da matan aure masu satar fita, duk da murya guda, kamar mai ba da labarin kasuwar jiya. Wanda ya karanta littafin mijin kaɗai zai zaci matan kulle kaya ne da a ke ɗauka daga wannan gida a kai wancan. Baba ta nuna mata masu jarinsu, masu shawara, waɗanda su ne ke ƙulla yawancin auren da maza ke zama a zaure su ɗaura.

Kashin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na hari. Baba ta ba da labarin mahayan Mai Sudan, watau Nagwamatse na Kwantagora, yadda su kan fāɗa wa mutane a gona ko a rinji, a kama mata da yara. Cikin danginta ma an kama waɗansu, aka yi ta bin sawu ana tara wuri har aka fanso su. Littafin sarauta ya san wannan zamani, amma a wurinsa lissafi ne na wane sarki ya yi ƙarfi, wane ya yi rauni. A bakin Baba kuwa za ka ji yadda a ke kwana da tsoro, da yadda a ke gudu a shiga gari mai ganuwa, da abin da fansar mutum guda ke ci wa gida. Saboda haka ne ta ce su talakawa sun yi murna da zuwan Turawa, masu sarauta ne ba su so ba. Wannan magana ba za ta yi wa kowa daɗi ba, kuma ba ita ce dukan gaskiya ba, gama Baba ba ta ga abin da aka yi a Burmi cikin 1903 ko Satiru cikin 1906 ba. Amma shaidar wadda ta ga hari da idonta ce, ba a kuwa share irin wannan shaida don ta saɓa wa abin da mu ke so mu ji.

Abin mamaki, ita ma Baba tana raba mutane Haɓe da Fulani, har tana sa kanta cikin Haɓe. Wani zai ce ashe Smith bai ƙaga kome ba. Haka ne, kalmomin suna bakin mutane. Amma dubi mai maganar: jikar Barebari ce, asalinta Barno, ga ta tana cewa mu Haɓe. A birnin Zariya kuwa gidan sarautar da a ke kira Barebari cikin Fulani a ke lissafa shi. Ashe a bakinta kalmar ta fi kusa da mai mulki da wanda a ke mulka, ba zancen jini ba ne tsantsa. Maganin kuskuren littafin mijin yana nan kwance cikin littafin matar, shekara shida kafin a buga nasa.

Kada kuma a ɗauka littafin Baba ba shi da abin suka. Ita ma mai masauki ce, tana da inda ta tsaya. 'Yar masu rinji ce, saboda haka bauta a bakinta ta fito da sauƙi: bayi na aiki gandun ubangiji da safe, da rana su koma gayaunarsu, 'ya'yansu na tashi tare da 'ya'yan gida, ana yi musu suna da aure. Amma ita da kanta ta faɗi cewa da Turawa suka hana bauta, da yawa cikin bayin nan suka kwashe kayansu suka tafi. Wanda ke jin daɗi ba ya tashi haka. Ba a tambayi ko ɗaya daga cikinsu ba, littafin kuwa bai ja kunnen mai karatu sosai a kan wannan ba.

Sa'an nan ba mu ga tambayoyin Mary ba. An jera labarin ya tafi sumul, daga ƙuruciya zuwa tsufa, kamar Baba ta zauna ta zuba shi ita kaɗai. Kowa ya san tsohuwa ba ta ba da labari haka. Ta kan fara da jiya, ta koma zamanin kakanta, ta tsaya ta yi wa jika faɗa. In ka ga an daɗe ana bayanin wankan jego ko kayan ɗaki dalla-dalla, ba ka iya rabewa ko Baba ce ta ga muhimmancinsa, ko baƙuwa ce ta tambaya domin aikin mijinta na bukata. Sunan da aka ƙara wa littafin a ƙarƙashin na Baba ma, wai mace daga cikin Hausawa Musulmi, yana jawo mai karatu na waje ya ɗauka duk matan Hausa haka su ke. Alhali mace mai aure huɗu, wadda ba ta haihu ba, mai baki da wayo har hakimai sun san da ita, ba a ce ita ce mudun awon sauran ba. Da wata mai 'ya'ya goma wadda ta mutu a ɗakinta na fari aka samu, da wani littafi dabam za mu karanta.

Babban abin da ke ci mini rai shi ne harshe. An faɗi labarin nan da Hausa, an rubuta shi da Hausa, aka buga shi a Landan da Turanci. A daidai shekarun nan kuwa ana tsakiyar Yaƙi da Jahilci, hukumar NORLA na Zariya tana neman abin da za ta buga wa sababbin masu karatu, injin Gaskiya na aiki a Tukur-Tukur, tafiyar awa guda a mota daga Giwa. Matan da suka koyi karatu a azuzuwan nan an ba su ƙananan littattafai a kan tsabta da renon jariri, labarin 'yar'uwarsu kuwa yana hannun ɗaliban Ingila da Amurka. Ku tuna da Dorugu, yaron da Barth ya tafi da shi Ingila cikin 1855. Shi baƙo ne can, mai masaukinsa Schön ya rubuta labarinsa daga bakinsa, aka buga shi da Hausarsa cikin Magana Hausa a 1885. Abin da aka yi wa Dorugu tun wancan ƙarni, Baba sai da ta jira shekaru masu yawa bayan rasuwarta kafin a yi mata, sa'ad da aka buga asalin Hausar a Kano da sunan Labarin Baba. Ba na ɗora wa Mary Smith laifin wannan ita kaɗai. Ta adana takardunta, ta kuma sa sunan Baba a goshin littafin, abin da matafiya da yawa ba su yi wa masu masaukinsu ba. Littattafan mijin cike su ke da maganar mutanen Zazzau, amma kaɗan ne daga cikinsu za ka iya kiran sunansu bayan ka rufe.

Wanda zai karanta, shawarata ya fara da na Hausar. Zai ga rabin bayanan da Smith ya yi wa Turawa ba ya bukatarsu. Ba sai an gaya wa Bahaushe dalilin da ya sa uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari ba, ko me ya sa a ke wasa tsakanin jika da kaka, ko mene ne idda. Inda mai karatu na yanzu zai tsaya ya yi tambaya dabam ne. Yaron da ya tashi a Samaru ko Sabon Gari bai taɓa ganin an sayi abu da wuri ba, bai san rinji ba, bai san wane ne dimajo ba, bai san me a ke nufi da murgu ba. In za a sake buga littafin, waɗannan ne ke son bayani a gindin shafi, tare da taswira mai nuna Karo da Zarewa da Giwa da hanyar da mahara ke biyowa.